Balmoral: Gandun Sarauta Ne Ko Gayaunar Sarki?

Da yawa daga cikinmu sai ranar 8 ga Satumba 2022 muka fara jin sunan Balmoral, lokacin da gidajen rediyo suka sanar da rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ba a fadar Buckingham ta cika ba, ba kuma a Windsor ba. A wani gida ne can ƙuryar arewacin Birtaniya, cikin duwatsun Sikotland, tafiyar da ta haura kilomita 800 a mota daga Landan. Kwana biyu kafin nan, a wannan gidan ta karɓi murabus ɗin Boris Johnson, ta naɗa Liz Truss firaminista, tana dogara sanda. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ranar kanta. A ranar 8 ga Satumba 1848 ne kakar kakanta, Sarauniya Biktoriya, ta fara taka ƙafa a Balmoral. Shekara 174 cif ke tsakani.

Wanda ya ga hoton gidan, da hasumiyarsa da ƙananan tagoginsa, zai rantse ganuwa ce ta shekara dubu. Wanda ya ga tsaunukan da ke kewaye da shi, fayau ba gida ba gona, zai ce haka Allah ya halicce su. Duka biyun ba haka ba ne, kuma a nan ne labarin yake da daɗi.

Mu fara da tambayar da ta fi rikita mutane: na wa ne? Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin mun san bambancin gandu da gayauna. Akwai gonar da ta sarauta ce, duk wanda aka naɗa zai ci moriyarta, amma ba shi da ikon sayarwa, kuma ranar da rawani ya bar kansa ta bar hannunsa. Akwai kuma wadda mutum ya mallaka da guminsa ko da kuɗinsa, 'ya'yansa su gada. Buckingham da Windsor, da fadar Holyroodhouse ta Edinbara wadda ita ce masaukin sarki na hukuma a Sikotland, duk na kashin farko ne. Balmoral da Sandringham, wani gidan sarki da ke Ingila, na kashi na biyu ne. Dukiyar iyali ce.

An ga tasirin wannan bambanci ƙarara a 1936. Sarki Edward na Takwas ya ajiye sarauta don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da ta yi aure sau biyu kafin shi. Fadoji suka koma hannun ƙanensa George na Shida kai tsaye, amma Balmoral ta ci gaba da zama ta Edward, tunda gadonsa ce daga mahaifinsu. Sai da sabon sarki ya sa hannu a aljihu ya saye ta daga wansa. To amma gayaunar sarki ba kamar ta talaka ba ce. A Birtaniya ana cire harajin gado kashi 40 cikin 100 daga duk abin da ya haura wani adadi, sai dai yarjejeniyar da gwamnatin John Major ta yi a 1993 ta keɓe duk abin da sarki ya bar wa sarkin da ya gaje shi. Masu goyon baya suka ce in ba haka ba, gado biyu ko uku a jere zai cinye dukiyar gidan. Masu suka kuma suka ce ai wannan cin tudu biyu ne: idan ana maganar sirri a ce dukiyar iyali ce, idan ana maganar haraji a ce ta sarauta ce. A ganina masu sukar suna da hujja mai ƙarfi.

Kafin Biktoriya, Balmoral ba wani abin a zo a gani ba ce. Ƙasa ce a bakin kogin Dee, kimanin kilomita 80 yamma da birnin Aberdeen, wadda ta yi ta sauya hannu tsakanin manyan gidajen yankin. A 1662 ta shiga hannun dangin Farquharson. Su kuwa suna cikin masu goyon bayan gidan Stuart, wato zuriyar sarakunan da aka raba da gadon mulki a 1688, kuma James Farquharson na Balmoral ya ɗauki makami a tawayen 1715 da na 1745, har ya sami rauni a yaƙin Falkirk a farkon 1746. Wata uku bayan nan, ranar 16 ga Afrilu, sojojin gwamnati suka murƙushe 'yan tawayen a filin Culloden. Ka ga ke nan, gidan da ya zama wurin hutawar sarakunan Birtaniya, a da gidan masu yaƙar kakanninsu ne.

Abin da ya biyo bayan Culloden shi ne mabuɗin fahimtar kowane babban gandu a arewacin Sikotland, don haka bari mu ɗan tsaya a kai. A tsarin da, arzikin shugaban dangi mutane ne. Ana auna shi da yawan mazan da za su fito idan ya kira yaƙi, saboda haka bai da wani amfani ya kori manomi daga kwarinsa. Gwamnati ta karya wannan tsari da gangan. Ta ƙwace makamai, ta soke ikon shari'ar da shugabannin suke da shi a kan mutanensu, ta ma haramta wa maza ɗaura bujen gargajiyarsu na yadi mai gida-gida, haramcin da bai tashi ba sai 1782. Shugaban da ba ya bukatar mayaƙa sai ya koma mai gidan haya kawai, 'ya'yansa suna karatu a kudu, suna rayuwar Landan da Edinbara mai cin kuɗi. Da aka yi lissafi aka ga tumaki sun fi mutane kawo riba, sai aka fara tashin ƙauyuka. Mafi muni a Sutherland ne, can arewa, inda aka kori dubban mutane a farkon ƙarni na 19, a wasu wuraren har da cinna wa gidaje wuta don kada su dawo. Wasu aka tura su bakin teku su koyi kamun kifi, wasu suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Kwarin Dee bai ga irin wancan tashin hankali ba, amma shi ma ba a bar shi ba: a wajajen 1840 an tashi iyalan da ke kwarin Glen Ey, yamma da ƙauyen Braemar, wannan karon ba don tumaki ba, don barewa ta samu wurin kiwo masu kuɗi su zo su harbe ta.

Ita Balmoral, a 1798 attajirin basaraken nan James Duff, mai riƙe da sarautar Fife, ya saye ta ya ba da haya. A 1830 hayar ta koma hannun Sir Robert Gordon, wani jakada, ƙanen Lord Aberdeen wanda daga baya ya zama firaminista. Ya gyara tsohon gidan ya faɗaɗa shi. A 1847 ƙayar kifi ta shaƙe shi a wajen cin abinci, ya mutu, gidan ya zama ba kowa.

A wannan shekarar ce Biktoriya da mijinta Yarima Albert suka yi hutu a Ardverikie, a bakin tafkin Laggan, ruwan sama ya hana su sakat. Sun riga sun kamu da son Sikotland tun zuwansu na farko a 1842, amma wa zai so hutun da kullum a jiƙe yake? Likitan sarauniya, Sir James Clark, ya ba da shawarar a gwada gabas, domin tsaunukan Cairngorm suna tare gizagizan da ke tasowa daga teku ta yamma, kwarin Dee ya fi bushewa. Albert ya karɓi ragowar hayar a farkon 1848 ba tare da ya taɓa ganin wurin ba. Da suka zo, shi Bajamushe ya ce tsaunukan sun tuna masa da Thuringia, ƙasar ƙuruciyarsa. A 1852 aka kammala ciniki a kan fam 32,000, da sunan Albert. A wannan shekarar kuma sai ga arziki daga inda ba a zata ba: wani marowaci mai suna John Camden Neild, wanda ya ƙare rayuwarsa cikin tsumma, ya mutu ya bar wa sarauniya dukiyar da ta kai kusan fam 500,000. Mai nema yana tare da samu, in ji masu magana, amma wani lokaci mai shi ake ƙara wa.

Tsohon gidan ya yi wa iyali mai 'ya'ya da yawa da fadawa da ministoci kaɗan. Aka ɗauko William Smith, magini daga Aberdeen, Albert yana tsaye a kansa yana gyara zane. Biktoriya ta aza harsashi ranar 28 ga Satumba 1853, aka gama a 1856 da farin dutsen da aka fasa a cikin gandun, sannan aka rushe tsohon. Saboda haka hasumiyar nan da ke kama da ta tsaron gari ba ta taɓa ganin abokin gaba ba. Ado ce. A zamanin jirgin ƙasa da wayar tangarahu aka gina ta, da salon da ke kwaikwayon gidajen yaƙi na ƙarnonin baya. Cikin gidan kuwa aka lulluɓe shi da yadi mai gida-gida, daga labule har shimfiɗar ƙasa, Albert ma ya zana nasa samfurin na musamman. Yadin da gwamnatin kakannin Biktoriya ta taɓa hukunta mutum don ya ɗaura, shi ne ya zama kayan ƙawar gidanta. Kuma duk wannan yana faruwa ne a daidai shekarun da cutar dankali ta jefa yammacin ƙasar da tsibiranta cikin yunwa, daga 1846 har kusan shekara goma.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba Albert ne ya tashi ƙauyuka ba. Ya gina wa ma'aikata gidajen dutse, ya shimfiɗa hanyoyi, ya dasa itatuwa, kuma a 1878 Biktoriya ta sayi dajin Ballochbuie don ta hana wani ɗan kasuwar katako sare shi. Yau wannan daji yana cikin 'yan ragowar tsohon dajin asali na Sikotland. Ɓarnar Balmoral, idan ɓarna ce, ta koyi ce. Duk abin da sarauniya ta yi, masu kuɗi za su yi. Masu masana'antun Ingila da masu bankuna, har da attajiran Amurka, suka yi ta ribibin saye ko hayar tsaunuka don farautar barewa, da kamun kifi a koguna, da harbin wani tsuntsu mai kama da fakara da ake buɗe farautarsa kowace 12 ga Agusta. Kafin Yaƙin Duniya na Farko, ƙasar da aka keɓe wa barewa ta haura eka miliyan 3. Abin dariya, "dajin barewa" suke kiranta, alhali galibinta ko bishiya ɗaya babu. Kerkeci ya daɗe da ƙarewa a ƙasar, barewa ta yi yawa, duk tsiron da ya ɗago kai sai ta cinye shi. Ga kuma ƙona ciyawar tsauni da ake yi lokaci-lokaci don tsuntsun nan ya samu sabon toho. Tsaunukan da maziyarci ke wa kallon daji na Allah, a gaskiya gona ce, sai dai abin da ake nomawa a cikinta abin harbi ne.

Ko da majalisa ta yi dokar 1886 da ta hana korar ƙananan manoma haka kawai, ba ta sa lardin Aberdeen a ciki ba. Kwaruruka suka ci gaba da zama kufai, harshen Gelik, wanda daga shi sunan Balmoral ya fito, ya yi ta ja da baya har mace ta ƙarshe da ta tashi da karin harshen wannan yanki ta rasu a 1984. Har yanzu ana ƙiyasta cewa masu mallaka ƙasa da 500 ne ke riƙe da rabin filayen karkarar Sikotland da ke hannun masu zaman kansu. Balmoral kanta ta kai eka 50,000, wato hekta 20,000, kuma ba ita ce mafi girma ba ko a cikin maƙwabtanta.

Albert bai daɗe yana morar aikinsa ba, ya rasu a Disamba 1861 yana da shekara 42. Biktoriya ta shiga baƙaƙen kaya, ba wata huɗu da kwana goma ba, kusan shekara 40, har ta koma ga Mahaliccinta a 1901. Balmoral ta zama maɓoyarta, ministoci suna ta gunaguni saboda doguwar tafiyar da sai sun yi kafin su sami sa hannunta. A nan ne wasu barori biyu suka yi tashen da ya tayar wa fadawa hankali. Na farko John Brown, ɗan yankin, jagoran farauta, mai magana gatsal ba ya tauna kalma ko a gaban sarauniya. Da ya rasu a 1883 ta sa aka kafa masa mutum-mutumi. Na biyu Abdul Karim, Musulmi daga Indiya, wanda ya zo a 1887 a matsayin mai hidimar tebur, ya zama malaminta na harshen Urdu, har ta gina masa gida a cikin gandun mai ɗauke da sunansa. Fadawa sun jure Brown da ƙyar, amma Karim, ga launin fata ga addini ga asalin talaka, ya fi ƙarfin haƙurinsu. Tana rufe ido ɗanta Edward na Bakwai ya sa aka ƙone wasiƙun da ta rubuta masa, aka mayar da shi Indiya, inda ya rasu a 1909. Mutum-mutumin Brown ma aka ɗauke shi aka kai cikin itatuwa inda ido ba ya yawan kaiwa.

To mai son zuwa fa? Daga Aberdeen ake tasowa, birnin man fetur na Tekun Arewa, inda ɗalibanmu da yawa ke zuwa karatun harkar mai, kuma akwai masallatai da shagunan halal. Babbar hanya na bin kogin Dee zuwa yamma, motar haya na ɗaukar kusan awa biyu zuwa Crathie. Daga nan sai a taka gadar ƙarfen da injiniya Isambard Kingdom Brunel ya zana, wadda aka gama a 1857, a isa ƙofar gandun. Akan buɗe lambuna da babban zauren rawa daga wajen Afrilu zuwa farkon Agusta, kafin iyalan sarki su iso. A 2024 Sarki Charles ya fara barin baƙi su shiga ɗakunan ciki, kan fam 100 kowane mutum, tikitin kuma ya ƙare cikin kwana guda. Ni dai da za a tambaye ni, abin da ya fi cancantar gani kyauta ne. Dokar 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa kusan kowace ƙasa a Sikotland da ƙafa, muddin bai yi ɓarna ba bai kuma kutsa harabar gidan mutane ba, abin da babu irinsa a Ingila. Da wannan 'yanci ake hawa tuddan da ke bayan fadar, inda Biktoriya ta sa aka tara tsibin duwatsu fiye da goma don tunawa da sayen gandun da auren 'ya'yanta. Mafi girma na tunawa da Albert ne, an gina shi a 1862, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗar Kano zai gane siffarsa nan take.

A tsallaken kogi akwai cocin Crathie, wanda aka buɗe a 1895. Ƙarami ne, amma yana nuna wani abin mamaki: sarkin da yake shugaban Cocin Ingila, da ya tsallaka iyaka sai ya zama mai ibada kamar kowa a Cocin Sikotland, wanda tsarinsa daban ne, ba shi da bishop. A nan Gimbiya Anne, 'yar Sarauniya Elizabeth, ta yi aurenta na biyu a 1992, domin a lokacin Cocin Ingila ba ya ɗaura wa wanda ya rabu da abokin zamansa sabon aure. Kabarin John Brown yana tsohuwar maƙabartar da ke kusa.

Ballater, kilomita 14 gabas, garin jirgin ƙasa ne da ba shi da jirgi. Layin dogo ya iso a 1866 ya tsaya nan, bai wuce ya dami sarauniya da ƙara ba. A tasharsa Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya sauka a 1896. An rufe layin a 1966, gobara ta cinye tashar a 2015, ambaliya ta shiga garin a ƙarshen wannan shekarar, aka sake gina tashar aka buɗe a 2018. Daga Ballater wata siririyar hanya ke kaiwa tafkin Muick, wanda zagaye shi da ƙafa ya kai kilomita 12, a bakinsa kuma akwai ɗan gidan da Biktoriya ta gina a 1868 don ta kaɗaita. Mai ƙarfin gwiwa zai iya zarcewa ƙololuwar dutsen Lochnagar, mita 1,155. A riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito. A kuma san cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, wanda azumi ya riske shi a irin wannan lokaci zai ba da labari.

Braemar, yamma da Balmoral, nan ne aka kafa tutar tawayen 1715, nan ne kuma aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Birtaniya, digiri 27.2 ƙasa da sifili, a 1895 da kuma 1982. Kowace Asabar ta farkon Satumba ake wasannin gargajiya a gaban sarki, da masu busa algaitar jaka, da ƙarti masu jifa da gungumen itace mai tsawon kusan mita 6. Ba nisa ake nema ba, so ake gungumen ya wuntsila ya faɗi miƙe sak a gaban mai jifa. Ganuwar Braemar kuwa, ta 1628, ita ce ta gaske, an ƙone ta a 1689, ta zama barikin sojan gwamnati bayan Culloden, yanzu kuma mutanen ƙauyen ne ke tafiyar da ita da kansu.

Wanda ya ƙara 'yan kilomitoci gaba zai isa Linn of Dee, inda kogin gaba ɗaya ke matsewa ya ratsa wani tsagin dutse yana ruri. Wannan yanki na gandun Mar Lodge ne, wanda ya fi Balmoral faɗi, kuma tun 1995 yake hannun wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta ƙasa. A zauren rawarsa akwai ƙoƙon kan barewa fiye da 2,000 jere a rufi, shaidar abin da aka mayar da ƙasar. Ƙungiyar ta rage yawan barewa ƙwarai, maƙwabta masu cin abinci da farauta suka yi ta ƙorafi, amma itatuwa sun fara tsirowa da kansu a gangaren da ya shekara fiye da ɗari tsirara. Kudu da nan, idan aka bi hanyar ƙafa daga ƙauyen Inverey aka shiga Glen Ey, za a ga tushen gidajen waɗanda aka tasa, jerin duwatsu a cikin ciyawa, kusa da filayen da suka taɓa nomawa.